Rana Ɗaya Mai Suna Biyu

Da asubahin ranar Asabar, 7 ga Janairu, 1989, Sarkin Japan Hirohito ya rasu a fadarsa da ke Tokyo yana da shekara 87, bayan ya shafe shekara 62 a kan gadon sarauta. Bayan azahar ɗin wannan rana, babban sakataren majalisar ministoci, Keizo Obuchi, ya zauna gaban 'yan jarida ya ɗaga wani allo mai haruffa biyu, ya karanta su: Heisei. Sunan sabon zamani ke nan, wanda zai fara aiki da zarar dare ya raba. Shekarar da Japanawa suka shiga da sunan Showa 64 ta ƙare ke nan tana da kwana bakwai kacal. Jaririn da aka haifa a ranar Asabar ɗin, takardunsa za su ce an haife shi a Showa 64. Wanda ya zo duniya washegari Lahadi, a asibiti ɗaya, wataƙila ma a hannun ungozoma ɗaya, nasa za su ce shekarar farko ta Heisei.

Japan tana amfani da watanni da ranakun kalandar Miladiyya kamar kowa. Inda ta bambanta shi ne ƙidayar shekara: a takardun hukuma, da lasisin tuƙi, da tsabar kuɗi, da fom ɗin banki da na asibiti, ana lissafa shekara ne daga hawan sarki mai ci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa jin tsoho a Kano yana cewa an haife shi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai dai su Japanawa sun mayar da al'adar doka. Sunan zamani na farko da tarihinsu ya adana shi ne Taika, a shekara ta 645, kuma a ƙarnukan baya akan sauya sunan sau da yawa a mulkin sarki guda, saboda annoba ko girgizar ƙasa ko wata alama da aka ɗauka ta alheri ce. Daga 1868 aka tsayar da ƙa'idar sarki ɗaya, zamani ɗaya. A 1979 majalisa ta kafa wata gajeriyar doka da ta ce gwamnati ce ke sanya sunan, kuma ba a sauya shi sai an sami sabon sarki. Tun daga 1868 zamuna biyar aka yi: Meiji, Taisho, Showa, Heisei, da Reiwa wanda ya soma ranar 1 ga Mayu, 2019.

Duk wanda zai rubuta manhaja domin bankin Japan ko kamfanin inshora ko ofishin ƙaramar hukuma, dole ya koya wa kwamfuta wannan lissafi. Harshen Java, wanda manyan ma'aikatu da yawa a duniya suka gina ayyukansu a kansa, ya zo da sabon tsarin kula da lokaci a fitowarsa ta takwas, a watan Maris na 2014, aikin da wani ɗan Ingila, Stephen Colebourne, ya kasance cikin jagororinsa. A cikin tsarin akwai nau'in kwanan wata na gama-gari mai suna LocalDate, akwai kuma na Japan mai suna JapaneseDate. A nan ne wata tambaya da ake zaton yaro ma zai amsa ta take zama tarko ga ƙwararru: ranar 1 ga Mayu, 2019, da ranar 1 ga Mayu ta shekarar farko ta Reiwa, daidai suke?

A ɗauka wani matashin injiniya ne a wani kamfanin inshora a Osaka aka ba shi aiki mai sauƙi. Akwai jerin sunayen abokan ciniki da ya fito daga babban rumbun bayanai, kwanakin haihuwarsu a lissafin Miladiyya. Akwai kuma jeri na biyu da aka kwaso daga fom ɗin da mutane suka cike da hannu, kwanakin a lissafin zamunan sarakuna. Aikinsa shi ne ya haɗa kowane fom da mai shi, ta hanyar suna da ranar haihuwa. Ya rubuta layi guda, ya yi amfani da umarnin da kowane ɗalibin Java ya sani tun makon farko, wato equals, ya ce wa kwamfuta ta gwada kwanan wata na jerin farko da na jeri na biyu. Kwamfuta ta ce ba daidai suke ba. Ba ta tsaya ba, ba ta nuna jan rubutu ba, ba ta yi ƙorafin komai ba. Ta amsa a'a a kan mutum na farko, ta amsa a'a a kan na dubu goma, ta kammala aikinta lafiya lau. Idan ba a lura ba, washegari wasiƙu za su fita zuwa ga tsofaffin da suka biya kuɗinsu shekara da shekaru, ana shaida musu cewa ba a sami bayanansu ba.

Kwamfutar ba ta yi kuskure ba. Takardun bayanin Java sun faɗa a fili cewa equals, a wajen kwanan wata, yana duba ranar kuma yana duba kalandar da aka rubuta ta da ita. Idan aka miƙa wa JapaneseDate wani abu domin gwaji, abu na farko da yake tambaya shi ne ko wannan abin shi ma JapaneseDate ne. In ba shi ba ne, magana ta ƙare, ko da kuwa rana ɗaya suke nufi. In shi ne, sai ya duba abin da ke ɓoye a cikinsa, domin kowane JapaneseDate yana riƙe da kwanan watan Miladiyya a ciki, sunan zamani da lambar shekara kuwa daga nan ake fitar da su. Tambayar da injiniyan yake son yi tana da nata umarnin daban, mai suna isEqual. Shi wannan ba ruwansa da kalanda. Yana mayar da kowane kwanan wata zuwa lamba ɗaya, adadin kwanakin da suka wuce tun daga 1 ga Janairu, 1970, sannan ya gwada lambobin. Ranar 1 ga Mayu, 2019, ita ce kwana na 18017 a wannan ƙidaya, ko da wane suna aka kira ta, don haka isEqual zai ce e.

Akwai hanya ta uku da sababbin shiga ke faɗa wa, wato alamar daidai guda biyu a jere. Ita tambayarta ko abu ɗaya ne tak a ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar a tambaya ko jaridar da ke hannun wannan ita ce takardar da ke hannun wancan. Kwafi biyu na bugu ɗaya za su faɗi wannan jarrabawa, kuma Java da kanta ta gargaɗi mutane kada su yi amfani da ita a kan kwanan wata.

Abin da ya cancanci a daɗe a kansa shi ne dalilin da ya sa equals ya zama mai taurin kai haka. Mutum zai iya cewa masu tsara harshen sun wahalar da jama'a a banza, tunda rana ɗaya ce, rana ta fito sau ɗaya ta faɗi sau ɗaya. Amma a Java, cewa abubuwa biyu daidai suke alkawari ne mai nauyi: ana nufin in aka ɗauke ɗaya aka sa ɗayan a gurbinsa, babu abin da zai sauya. Kwanakin nan biyu ba su cika wannan sharaɗi ba. A tambayi 8 ga Janairu, 1989, ta Miladiyya, shekara ta nawa ce a zamaninta, za ta ce 1989. A tambayi takwararta ta Japan, za ta ce 1. A tambaye su rana ta nawa ce a cikin shekara, ta farko za ta ce ta takwas, ta biyu ta ce ta ɗaya, domin a lissafin Japan ɗin shekarar farko ta Heisei a ranar ta soma. A ce su rubuta kansu a kan rasit, kowace da irin rubutunta. Abubuwan da ke ba da amsoshi mabambanta ga tambaya ɗaya, ba adalci ba ne a ce wa mai rubuta manhaja ya musanya su ido rufe.

Hujjar ta fi fitowa sarari idan aka dubi maƙwabcin JapaneseDate a cikin tsarin, wato HijrahDate, wanda ke bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya. A ɗauki rana ɗaya a Hijira da Miladiyya, a ƙara wa kowace wata guda. Watan Hijira kwana 29 ne ko 30, na Miladiyya yakan kai 31, saboda haka sau da yawa za su sauka a ranaku daban-daban. Da a ce Java ta yarda daidai suke tun farko, da an sami abubuwa biyu masu daidaito, an yi musu aiki iri ɗaya, sun haifi sakamako biyu. Ƙa'idar da ta hana wannan ita ce ta hau kan kalandar Japan, duk da cewa watanninta ba su saɓa wa na Miladiyya ba.

Akwai kuma batun ma'ajiyoyi. Wasu daga cikin kayan aikin Java da aka fi amfani da su, irin su HashSet da HashMap, suna dogara ne kacokan a kan equals da abokin tafiyarsa hashCode domin su gane ko abu ya riga ya shiga. Ba sa neman izini, ba kuma sa sanin akwai isEqual a duniya. Wanda ya zuba ranakun hutu a irin wannan ma'ajiya da lissafin Miladiyya, sannan ya zo yana tambaya da lissafin Japan ko ranar kaza hutu ce, za a ce masa a'a kullum, har ranar sabuwar shekara. Wanda kuma ya zuba duka biyun domin ya tace maimaici, zai tarar da rana ɗaya ta zauna sau biyu. Hatta umarnin jera kwanaki, compareTo, yana fara duba lambar kwana, in ta zo ɗaya sai ya raba gardama da sunan kalanda bisa jerin haruffa, ta yadda ISO ke gaban Japanese. Wanda ke son a jera masa bisa lokaci zalla sai ya nemi wani ma'auni na musamman mai suna timeLineOrder.

Don haka raba tambayoyin biyu daidai ne, kuma ya fi a dunƙule su. Inda masu tsarin suka gaza shi ne wajen raɗa suna. Tsakanin equals da isEqual babu abin da zai nuna wa mai karatu, ko da Ingilishi ne harshen uwarsa, wanne ne ke duba kalanda, wanne ne ke kau da kai. Mai bitar aikin abokinsa da ƙarfe shida na yamma zai wuce ta kan layin bai ga komai ba. Da an kira na biyun da sunan da ke nufin "rana ɗaya ce", da kuskuren ya ragu ƙwarai. Ba wannan ne karo na farko da Java ta yi haka ba: a nau'in lambobin da bankuna ke lissafin kuɗi da shi, BigDecimal, 2.0 da 2.00 ba daidai suke ba a wajen equals, alhali compareTo yana ganin su ɗaya.

Duk wannan rikici ne tsakanin kalanda biyu. Wanda ya fi shi wuya yana cikin kalandar Japan ita kanta, domin rana ɗaya tana iya samun suna biyu ba tare da ta bar gida ba. Sarki Meiji ya rasu a ƙarshen Yuli na 1912, aka sauya zamani a ranar 30 ga watan, saboda haka ana iya cin karo da wannan rana a rubuce a matsayin Meiji 45, ana iya ganin ta a matsayin shekarar farko ta Taisho. Haka aka yi ranar 25 ga Disamba, 1926, wadda ta wayi gari a Taisho 15 ta kwana a Showa, kuma shekarar farko ta Showa, kamar ta ƙarshenta, kwana bakwai ta yi. Kwamfuta ba ta iya zama da irin wannan shubuha, don haka Java ta yanke hukunci: ranakun biyu duk ta ba wa sabon zamani. A 1989 da 2019 hukuma ta sauƙaƙa wa kowa, sabon suna ya fara aiki daga tsakar dare.

Ta baya ma akwai katanga. JapaneseDate ba ya karɓar duk ranar da ta gabaci 1 ga Janairu, 1873, wato Meiji 6. In aka matsa masa sai ya tsaya ya ba da saƙon kuskure. Dalili shi ne kafin wannan rana Japan tana bin kalandar wata ce mai gyara da rana, irin wadda ake ƙara wa wata na goma sha uku lokaci-lokaci. Gwamnatin Meiji ta sanar da sauyin makonni kaɗan kafin ya auku, aka wayi gari wata na goma sha biyu na Meiji 5 ya yi kwana biyu ya ƙare, kwana na uku ya zama ranar farko ta 1873. Masana tarihi sukan danganta gaggawar da aljihun gwamnati: shekara mai zuwa tana da wata goma sha uku a tsohon lissafi, ma'aikata kuma sun koma karɓar albashi wata-wata. Ranar da aka rubuta a wasiƙar 1870 a matsayin rana ta biyar ga wata na uku ba ita ce 5 ga Maris ba, kuma ƙin amsawar da Java ta yi ya fi amsar da za ta zama ƙarya.

Sai kuma gaba, inda lissafi ba ya da ta cewa. Ana iya sanin ranar da 1 ga Janairu, 2060, za ta faɗo a mako, amma babu injin da zai san sunan shekarar a Japan, tunda ya dogara ne ga tsawon ran mutum ɗaya da shawarar majalisar ministoci. Abin da ya faru a 2019 ya nuna haka. Sarki Akihito ya yi jawabi ga al'umma a watan Agusta na 2016 yana nuna damuwa kan tsufa da nauyin aiki. A 2017 majalisa ta yi doka ta musamman da ta ba shi damar yin murabus, abin da wani sarkin Japan bai yi ba tun 1817. An san ranar sauyi tun da wuri, 30 ga Afrilu ya sauka, 1 ga Mayu ɗansa Naruhito ya hau. Sunan zamanin kuwa aka riƙe shi a asirce har 1 ga Afrilu, 2019, ranar da Yoshihide Suga ya ɗaga nasa allon. Masu manhaja suka sami wata ɗaya. Injiniyoyin Java sun riga sun tanadi gurbi a fitowa ta 11 da sunan wucin gadi, NewEra, sai a sabuntawar tsakiyar Afrilu aka maye shi da Reiwa. Hukumar Unicode, mai kula da haruffan kwamfuta na duniya, ta fitar da bugu na 12.1 a watan Mayu domin harafi ɗaya tak, wanda ya dunƙule sunan sabon zamanin a gurbi guda.

A wannan tsakani, kwamfutoci biyu a ofis ɗaya, ɗaya an sabunta ta ɗaya ba a sabunta ba, za su kira rana guda da suna biyu: wannan ta ce Heisei 31, wata na biyar, waccan ta ce Reiwa 1. Idan kwanan watan yana tafiya tsakaninsu a matsayin lambar kwana, babu matsala. Idan kuwa an adana shi a matsayin rubutu, kamar yadda tsofaffin tsare-tsare da yawa ke yi, gwajin daidaito ya koma gwada haruffa, kuma haruffan ba za su taɓa haɗuwa ba. Ko a cikin Reiwa kanta rubutun bai tsaya wuri ɗaya ba, domin Japanawa sukan rubuta shekarar farko da kalma ta musamman, gannen, maimakon lamba 1, fom-fom kuma sukan taƙaita zamanin da harafin boko ɗaya, M ko T ko S ko H ko R.

Takardun da aka buga kafin sanarwar sun ƙara wani ƙulli. Mutanen da suka sabunta lasisin tuƙi a 2018 sun karɓi kati mai cewa zai ƙare a Heisei 33 ko Heisei 35, shekarun da ba su taɓa zuwa ba. Katin bai lalace ba. Kowane ɗan sanda ya san Heisei 35 ita ce Reiwa 5, wato 2023. Sabuwar Java kuwa, in aka ce ta ƙirƙiri kwanan wata na Heisei 35 kai tsaye, za ta ƙi, ta ce babu wannan shekara a wannan zamani, alhali tsohuwar Java ta 2017 za ta karɓa hannu bibbiyu. Layin umarni ɗaya, bai sauya ko ɗigo ba, ya yi aiki jiya ya faɗi yau. Akwai yanayin sassauci da ake iya zaɓa wajen karanta rubutu, wanda zai karɓi Heisei 35 ya mayar da ita 2023, amma sai mai rubuta manhajar ya san da shi ya kuma nema. A nan takarda da ɗan sanda sun fi kwamfuta fahimtar abin da aka nufa.

Masu dogon aiki a wannan fage sun daɗe da cimma matsaya, kuma ita ce shawarar da takardun Java ɗin ke bayarwa: a adana kwanan wata da lissafin gama-gari, a yi duk gwaji da lissafi a kansa, sai a bakin ƙofa, wajen karɓa daga hannun mutum ko nuna masa a allo, a juya shi zuwa zamanin sarki. Da injiniyan Osaka ya bi wannan, da ya mayar da jerin fom ɗin zuwa LocalDate tun shigowarsa, equals da isEqual su zama abu ɗaya a gare shi. Shawara ce mai kyau ga mai fara gini daga tushe. Akasarin injiniyoyi kuwa gadon aiki suke yi, kuma a cikin abin da aka gada a Japan akwai tsare-tsaren da aka rubuta a shekarun 1970 da 1980, waɗanda suka adana shekara da lambobi biyu na Showa suka ci gaba da ƙirgawa bayan rasuwar Hirohito kamar bai rasu ba. A irin wannan lissafi 1989 ita ce 64, 2000 ita ce 75, shi ya sa wasunsu suka tsallake fargabar shekara ta 2000 ba tare da an taɓa su ba. Shekarar 2025 ita ce Showa 100, kuma gurbin lamba biyu ba ya ɗaukar 100. Abin da zai rage a ciki shi ne 00, wanda tsarin zai karanta a matsayin 1925, shekara guda kafin Hirohito ya hau gadon sarauta.